Ranar da girki ya fita mini a rai

Balki: Assalamu alaikum, masu sauraronmu na cikin Maraɗi da kewaye, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma muna zaune a tsakar gidan Yaya Hadiza a unguwar Zariya, ni da ita da Malam Lawali, kuma maganar da ta tara mu ita ce wadda ta cika rukuninmu na WhatsApp tun ranar Talata, lokacin da wata baiwar Allah ta aiko da saƙon murya tana cewa girki ya fita mata a rai. Ba zan maimaita saƙon ba tunda kusan kowa ya ji shi, amma na ware amsoshi uku daga cikin waɗanda kuka aiko, kuma da yardar Allah za mu karanta su a ƙarshen shiri.

Lawali: Abin da ya ba ni mamaki, Balki, shi ne yadda matan da na sani da iya girki, waɗanda ake kira idan ana biki ko suna su tsaya a kan manyan tukwane, su ne suka fi kowa cewa su ma haka suke ji. Da na ɗauka wannan kukan amare ne waɗanda hannunsu bai faɗa ba tukuna.

Hadiza: Ai Malam Lawali, wadda ba ta taɓa son girki ba, ba ta da abin da za ta rasa. Wadda ta san daɗin tsayawa a kan tukunya ita ce take gane ranar da daɗin ya tafi. Ni da na ji muryar yarinyar nan sai da na ajiye waya na yi shiru, domin abin da ta faɗa ya same ni, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ku bar ni in fara daga farko, saboda idan ban faɗi gidan da na tashi ba, ba za a fahimci abin da na rasa ba. Na tashi a babban gida a Bagalam, a hannun kakata, wadda aka haifa tun kafin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa gari ya hauro kan tudu. Mata huɗu ne suke karɓa-karɓar girki a gidan, kowacce kwana biyu, wato mace tana yin kwana biyu a bakin murhu sannan ta samu kwana shida tana cin na hannun wata. Ko a ranar girkinta ma ba ita kaɗai take yi ba, domin da hantsi za ka ga turmi biyu ko uku a tsakar gida ana surfen hatsi, ƴan mata suna luguden taɓarya, wata tana tankaɗe, wata tana gyaran kuɓewa, ana hira ana tsegumi har a ɗora talge ba a san lokaci ya tafi ba. Aikin ya fi na yanzu nauyi nesa ba kusa ba, ga hayaƙin itace ga jan ruwa, amma ban taɓa jin wata a cikinsu ta ce girki ya gundure ta ba.

Balki: Wataƙila kuma, Yaya, suna ji amma ba su da bakin faɗa.

Hadiza: Wannan ma gaskiya ne, ƙanwata, ba zan musa ba, domin akwai abubuwa da yawa da iyayenmu suka haɗiye. Amma lissafin da nake so ki duba shi ne wannan: a yau mace ɗaya ce a gidanta, ta rufe ƙofa, ta yi karin kumallo, ta yi na rana, ta yi na dare, kwana bakwai a mako, babu wadda za ta karɓe ta. Inji ya ɗauke mata daka, gas ya ɗauke mata hayaƙi, kuma tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011 ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 ta shiga gidaje da yawa a garin nan, alhamdu lillahi. Sai dai da dakan ya tafi, matan da ake dakan da su ma sun tafi. Ta tsaya ita kaɗai a madafa tana kallon bango.

Balki: Ni abin da ya fi gajiyar da ni ma ba tsayuwar ba ce. Tambayar nan ce ta me za a dafa. Ina zaune a buro da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, takardu a gabana, amma rabin hankalina yana kan ko akwai sauran tumatir a gida, ko jiya shinkafa aka ci, ko yara za su yarda da tuwo. Idan na tambayi maigida sai ya ce ko me na dafa daidai ne, yana ganin ya sauƙaƙa mini, alhali ya mayar mini da kayan ne gaba ɗaya. Idan na tambayi yara kuwa amsarsu ɗaya ce kullum, taliya. Sannan da dare in buɗe Facebook ko TikTok in ga wata ta jera kwanuka shida, ga kaza ga kayan lambu an yanka su kamar zane, sai in dubi dafa-dukan da na yi in ji kamar na gaza, ko da yake na san ita sana'arta ce kuma ta yini a kan abin da na kalla cikin minti ɗaya.

Hadiza: To ni nawa ya zo ne a 2023. Kowa ya san abin da ya faru bayan juyin mulkin watan Yuli, ba sai na tsaya bayani ba, an rufe iyakarmu da Nijeriya ta wajen Ɗan Isa, kuran ɗin, wato wutar lantarki, da ke zuwa mana daga Nijeriya ya yanke tun cikin watan Agusta, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. A da ina yin miyar kwana uku in sa a firigo, in huta da rabin aiki. Da wuta ta zama sai an ga dama, firigo ya koma akwatin ajiye kwanuka, dole kullum sai an yi sabuwar miya, kuma kuɗin cefanen da ke hannuna bai ƙaru da ko dala ba. Jika biyun da a da take cika mini kwando, sai in dawo da ita a ƴar leda. Da farko na yi ta dabara, in rage nama in ƙara wake, in sa busasshen kifi a madadin ɗanye. Daga baya dabarar ma ta gajiyar da ni. Na koma dafa-duka yau, taliya gobe, shinkafa da wake jibi, in jefa dunƙulen ɗanɗano biyu in rufe tukunya in tafi ɗaki in kwanta. Muciyata ta yi wata da watanni a rataye ban taɓa ta ba. Abin da ya fi yi mini ciwo kuma, wallahi Malam Lawali, babu wanda ya lura. Maigida yana ci yana sauraren labarai a rediyo, samarin gida suna ci ido a kan waya, a ture kwano a tashi. Na daina sa zuciyata a abinci, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce yau miyar ta canza ba. Sai na ce wa kaina, ashe duk shekarun nan da nake wahalar daka daddawa da soya albasa a hankali, da na yi da ban yi ba duk ɗaya ne.

Lawali: Wannan magana ta taɓa ni, Yaya Hadiza, domin na san ina cikin masu wannan hali. Mu maza an koya mana cewa idan abinci ya yi daɗi shiru ake yi, sai ya ɓaci ake magana, har wasu suna ganin yabon girkin mace a gaban yara zubar da girma ne. Amma ina tunawa a ƙofar gidanmu a Mokoyo ana ciyayya bayan sallar isha'i, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗa a ci tare, kuma a nan ake sanin miyar gidan wane ta fi, har labari ya koma cikin gida ta bakin yaran da suke kwashe kwanuka. Mace tana girki ta san dattawan unguwa za su ɗanɗana. Yanzu ciyayya ta ragu ƙwarai a sababbin unguwanni, kowa ya ja ƙofar ƙarfe ya ci nasa a ciki.

Hadiza: Kuma yaran da suke kwashe kwanukan nan su ne suke cin gajiyar ƙanzo.

Lawali: Allah ya jiƙan zamanin ƙanzo. Yaya Hadiza, ni har yau ina kan bakana cewa tuwon gas ba ya ƙanzo.

Hadiza: Yana yi mana, sai dai ba irin wanda ka sani ba. Wutar gas tana bugun tsakiyar tukunya ne a wuri ɗaya, shi ya sa tsakiyar take ƙonewa ta yi baƙi da ɗaci alhali gefe bai kama ba. Wutar itace kuwa tana lasar gindin tukunya ko'ina, kuma idan an gama tuƙi aka janye itacen aka bar garwashi, tuwon yana sulala a hankali, ƙanzon ya fito ja, siriri, ya ɓamɓaru gaba ɗaya kamar faifai.

Lawali: To ai maganata ke nan. Abin da ya yi baƙi da ɗaci sunansa ƙonanne, ba za a kira shi ƙanzo ba.

Hadiza: A'a, tsaya ka ji, akwai dabara. Idan tukunyar dalma ce mai kauri irin wadda maƙera suke zubawa a nan kasuwa, ba ƴar shara-sharar nan ta kanti ba, kuma ka rage wutar gas ɗin har ta kusa mutuwa, ka ɗora wani tsohon murfin ƙarfe tsakanin wutar da tukunya, zai ba ka ƙanzo mai kyau. Na gwada ba sau ɗaya ba.

Lawali: Amma ƙanshin hayaƙin fa? Innata tana da wata tukunyar ƙasa da aka kawo mata daga Mirriya, a ciki take miyar kuka, kuma ko ɗumamen safe aka yi da ita sai maƙwabta sun sani. Ƙanzon kuma ba a ci a ranar, shanya shi take yi a kan rufin rumbu ya bushe ƙayau, a tara a cikin ƙwarya, ranar da aka tashi sai a jiƙa shi, a daka ƙuli-ƙuli da tonka, a yanka albasa, a zuba man gujiya. Ina ganin da za a ba ni wannan kwaɗon yau da naman kaza, kwaɗon zan ɗauka.

Hadiza: Da ruwan zafi take jiƙawa ko da na sanyi? Domin kakata ba ta yarda da ruwan zafi ba sam, tana cewa yana mayar da shi tuwo, ƙanzo kuma ana son a ji shi a haƙori.

Lawali: Da ruwan sanyi, amma tun da asuba take jiƙawa, kuma ƙanzon dawa ya fi na hatsi jimirin ruwa.

Hadiza: A nan kam ban yarda ba, na hatsi ya fi ƙanshi, kuma idan aka samu na masara…

Balki: Yaya, Malam Lawali, ku yi mini haƙuri, mun daɗe a kan ƙanzo, kuma masu sauraro suna jiran su ji yadda aka yi kika sauko da muciyar nan.

Hadiza: Gaskiyarki, ƙanwata. To akwai wata dattijuwa da suka tare a gidan da ke bayan namu, mutanen wajen Tasawa ne, muna gaisawa ta kan katanga amma ban taɓa shiga gidanta ba. Wata ranar Juma'a da la'asar sai ga jikanta da kwano a rufe, wai a kawo mini. Na buɗe sai na ga dambu ne na tsakin masara, an turara shi a madambaci har ya yi washar-washar, ya sha tamaka, wato zogale, ga albasa ga ƙuli, man gujiyar kuma daidai, bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Na zauna a nan inda Balki take zaune na ci shi da hannu ni kaɗai, ban kira kowa ba. Sai da na gama sannan hankalina ya tashi, domin ku kun sani ba a mayar da kwano haka nan, kuma ba zan iya zuba wa tsohuwar da ta yi wannan dambu taliya da dunƙulen ɗanɗano ba. Kwanon nan ya kwana uku a madafata, duk lokacin da na shiga sai idona ya faɗa kansa. Ranar Litinin, da yake ranar kasuwa ce, na yafa mayafi na tafi da kaina, abin da na daɗe ban yi ba, domin yaro nake aika da takarda. A nan ne na ga abin da takarda ba ta nuna mini, lokacin kaka ne, mutanen ƙauye sun shigo da sure ɗanye shar, ga kabewa, ga sabuwar gujiya, matan bakin Gulbi daga Jiratawa da Sumarana sun baza ganye iri-iri, kuma duk waɗannan sun fi tumatirin gwangwani araha. Na sayi sure da kabewa, na sayi daddawar batso wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, na auni tiya ɗaya ta sabon hatsi na kai inji. Na dawo na dama talge na bar shi ya nuna sosai kafin in zuba gari, domin duk tuwon da ya yi gari-gari a baki daga gaggawar talge ne, na tuƙa har kafaɗata ta amsa, na kwashe da mara, na zuba mata malmala biyu da miyar sure na aika.

Balki: Sai ta aiko da yabo.

Hadiza: Sai ta aiko jikan nan ya ce, Inna ta ce a gode, tuwo ya tuƙu, amma kanwa ta ɗan yi yawa a miya, in an sake a tafasa suren a zubar da ruwan farko, tsamin zai ragu ba sai an cika kanwa ba. Wallahi Balki, hawaye ne suka zo mini, kuma na daɗi ne. Wata da watanni ina ciyar da gida babu wanda ya ce uffan, ga wata ta ci loma ta gane har abin da na jefa a tukunya da yawansa. Da yabo kawai ta aiko, da na ce kara ce irin ta maƙwabtaka. Gyaran da ta yi shi ya nuna mini cewa ta ci da hankalinta. Kwana uku bayan haka na sake yin miyar yadda ta ce, na kai da kaina, muka zauna, ta nuna mini yadda take gane daddawar kalwa mai kyau daga wadda aka gaggauta ba ta ruɓa yadda ya kamata ba. Tun daga nan kwanon nan bai daina kai da kawowa ba, kuma yanzu mun zama mu uku da wata amarya a layinmu. Ranar Alhamis gida ɗaya ne yake tuwon dare na gidaje uku, muna juyawa, wato kowacce tana samun Alhamis biyu ba ta ɗora tukunyar dare ba.

Lawali: Ashe kun dawo da karɓa-karɓar Bagalam ta kan katanga.

Hadiza: Ɗan kaɗan daga cikinta, Malam Lawali. Kuma kada a ce na ce kullum ina cikin nishaɗi, domin idan bazara ta yi tsanani a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, babu wadda take marmarin tsayawa kusa da wuta, a irin ranakun nan fura da nono muke sha da rana kuma ban ga laifin hakan ba. Dunƙulen ɗanɗano ma ban daina sawa ba, na dai rage, saboda gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kuma shi ne yake sa miyar kuka da ta kuɓewa da jar miya duk su fito da baki ɗaya, har mai dafawa ta rasa bambancin jiya da yau.

Balki: Ni matsalata, Yaya, ba ni da irin wannan maƙwabciya, kuma ba na dawowa gida sai yamma ta yi. Abin da na fara gwadawa a watan nan shi ne na daina tambayar maigida me za a dafa, na ce masa ranar Juma'a idan ya taso daga masallaci ya biya kasuwa ya sayo duk abin da ya gani ya ba shi sha'awa, ni kuma in san yadda zan yi da shi. Makon jiya ya shigo da kifin tafkin Madarumfa da yalo, abin da ni ban taɓa tunanin haɗawa ba, kuma da yake shi ya sayo, sai ga shi a ƙofar madafa yana tambaya ko ya nuna.

Lawali: Kuma ya ga farashi da idonsa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa daga cikinmu muna ba da kuɗin cefanen shekara biyar da suka wuce muna jiran miyar bana. Ni tun ina ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo na iya dafa shinkafa da wake, kuma na san idan aka jefa ƴar kanwa wake ya fi saurin nuna, amma tun da na yi aure ban sake…

Hadiza: Ƴar kaɗan fa, Malam Lawali, kada ka maimaita kuskurena, kuma ka jiƙa waken tun da dare, gas ɗinka zai fi daɗewa. Ranar Lahadi ka ce wa maiɗakinka ta zauna, kai ka dafa, ka zuba mata, sannan ka tsaya ka ji abin da za ta ce game da gishirin.

Balki: Yaya, lokaci ya ƙure mana, ga shi an fara kiran la'asar a masallacin layinku, kuma saƙonni ukun nan ban karanta ko ɗaya ba. Masu sauraro ku gafarce mu, za mu fara da su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu, musamman na baiwar Allah da ta rubuto daga Gidan Rumji tana tambaya a kan yaran da suka ƙi tuwo.

Hadiza: Wannan kam ki bar mini shi, ina da magana a kai. Kuma kada ku tafi, yau Alhamis ce, girkin amarya ne, ta ce ɗan wake za ta yi da garin rogo da kuka, yanzu za a shigo da kwano. Malam Lawali, miƙo mini butar nan da ke bayanka.